Yadda ake haɗa wayar ƙasa a makunnin fitila idan ana sauya kayan wayarin na gida

Makunnin fitila zai kunna ya kashe lafiya lau ko da babu wayar ƙasa a jikinsa, kuma daga nan matsalar take farawa. Idan ka manta wayar wuta, fitila ba za ta kama ba, nan take ka gane kuskurenka. Amma idan wayar ƙasa ka bari tana lilo a cikin akwatin bango, babu abin da zai nuna maka. Sai a shekara goma ana kunnawa ana kashewa, har ranar da wata waya za ta suɓuce daga mazauninta ta taɓa ƙarfe. Saboda haka duk mai sauya tsohon makunni, musamman wanda zai cire na roba ya sa mai fuskar ƙarfe, ya sani kamawar fitila ba ta nuna an gama aiki. Awo ne kaɗai yake nuna haka.

Aikin da wayar ƙasa take yi

A rana irin ta kullum babu wutar da ke bi ta cikinta. Wuta tana zuwa ta wayar wuta, ta ratsa makunni, ta shiga kwan fitila, ta koma ta nutural, wato wayar da ke mayar da wuta. Wayar ƙasa tana nan a gefe, tana haɗe duk wani ƙarfe da hannu zai iya taɓawa, wato fuskar makunni, akwatin da ke binne a bango, sukuru biyun da ke riƙe su, da jikin fitilar kanta, ta kai su har babban akwatin wuta na gidan.

A ce wayar wuta ta fita daga raminta ta jingina da fuskar ƙarfe. Idan akwai wayar ƙasa mai kyau, wuta mai yawa za ta kwarara ta cikinta a lokaci ɗaya, bireka, wato makunnin kariya da ke babban akwati mai yanke wuta idan ta yi yawa, ta faɗi kafin ka ɗauke ido. Birekar fitilu mai amfiya 6 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke wucewa) nau'in B tana buƙatar ninki uku zuwa biyar na ƙarfinta kafin ta faɗi nan take, wato har amfiya 30. A layin bolt 230, kafin wannan adadi ya samu wucewa dole ne duk hanyar, zuwa da dawowa, kada ta wuce kusan om 7 (om shi ne ma'aunin yadda hanya take tare wuta). Ka ga dalilin da ya sa haɗi guda ɗaya mai sako-sako ko mai tsatsa yake iya rushe kariyar gaba ɗaya: wutar da za ta wuce ba za ta kai ta kada bireka ba.

Idan kuwa babu wayar ƙasa sam, fuskar makunnin za ta zauna ɗauke da bolt 230 shiru, tana jiran hannu. Jikin mutum mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa a ƙasa yana iya saukowa kusan om 1000, ma'ana sama da miliamfiya 200 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) za su bi ta cikinsa. Daga wajen miliamfiya 10 hannu yake fara ƙin sakin abin da ya riƙe, daga 30 zuwa sama kuma numfashi da bugun zuciya ne ke cikin haɗari. Bireka mai amfiya 6 ba za ta ma motsa ba, domin a wurinta wannan bai kai abin da kwan fitila ɗaya irin na da yake sha ba.

Gane wayoyi kafin ka taɓa su

A tsarin da Turai da ƙasashe da dama suke bi yanzu, wayar wuta launin ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, wayar ƙasa kuma kore da rawaya a haɗe. A nan a yi hattara da sunan: waya mai launin ruwan ƙasa ba ita ce wayar ƙasa ba, ita ce ma mai kisa. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu yake cikin bangon gidaje da yawa a ƙasashen da suka gaji ƙa'idarsu, ja ce wuta, baƙa ce nutural. Ingila ta fara sauyawa zuwa sabon launi a 2004, ta kammala a 2006, don haka gida ɗaya yana iya ƙunsar duka biyun. A Amurka da Kanada, inda layin fitila yake bolt 120, baƙa ce wuta, fara ce nutural, wayar ƙasa kuma koriya ce ko tsirara. Ka lura baƙar waya nutural ce a wani tsarin, wuta ce a wani.

Ko a cikin tsari ɗaya, launi a bayan makunni yana yaudara. Sau da yawa kebul guda ne ke saukowa daga silin zuwa makunni: waya ɗaya ta kawo wuta, ɗayar ta mayar da ita zuwa fitila idan an kunna. Wannan ta biyun shuɗiya ce ko baƙa a ido, amma wuta take ɗauka. Ƙa'ida ita ce a sa mata alama da guntun rigar roba mai launin wayar wuta, sai dai ba kowane ma'aikaci ke yi ba. Idan ka tarar babu, kai ka sa.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: sukudireba mai rufin roba har kusa da baki, filaya, abin feɗe waya, abin gwajin wuta mai ƙafa biyu, maltimita (na'urar auna bolt da om), guntun wayar jan ƙarfe kore da rawaya mai kauri daidai da na layin (milimita murabba'i 1.0 ko 1.5 a yawancin layin fitila), rigar roba kore da rawaya ta sutura wa tsirarar waya, mahaɗan waya masu sukuru ko masu ɗan murfin dannawa, da doguwar waya mita goma zuwa ashirin ta yin awo. Idan sabuwar waya za ka yi amfani da ita, kankare bakinta da wuƙa ka duba. Idan cikin ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Yana karyewa a ƙarƙashin sukuru kuma yana saki da daɗewa, kada ka sa shi.

Kashe wuta, sannan ka tabbatar ta mutu

Kunna fitilar tukuna, ka je babban akwati ka kashe birekarta, ka ga ta mutu. Idan birekun ba su da rubutu ko kana kokwanto, kashe babban makunnin gidan baki ɗaya. Gidan da ke da janareta, inbata ko sola, a kashe su ma, domin inbata tana karɓar layi a cikin ƙiftawar ido ba tare da ƙara ba, mutum yana ganin ya kashe wuta alhali bango cike yake da ita. Manna salatif a kan birekar, ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya taɓa.

Kashe makunnin bango kawai ba kashe wuta ba ne. Wayar da ke shigowa bayansa tana nan da ranta.

Gwajin kuwa hawa uku ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Fara gwada abin gwajinka a soket mai wuta ka ga yana aiki. Sai ka gwada wayoyin makunnin: kowace waya da wayar ƙasa, kowace waya da akwatin ƙarfe, kowace da 'yar uwarta. Sannan ka koma ka sake gwada shi a wurin da ke da wuta, don kada ya zama ya lalace ne a tsakani ya nuna maka sifili na ƙarya. Tasta mai ɗan kwai a gindi, irin wadda ake ɗora yatsa a kanta, ba abin dogaro ba ce a nan: idan kana kan tsanin katako ko sanye da takalmin roba tana iya ƙin kamawa alhali akwai wuta, ga haskenta ba ya ganuwa da rana.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Makunni mai baki biyu ko uku, musamman na matattakala ko na bakin ƙofa mai kunna ciki da waje, yana iya ɗaukar layi biyu daga bireka daban-daban. Ka kashe ɗaya, ɗayan yana nan. Shi ya sa ake gwada kowace waya, ba wadda ka zata kaɗai ba.

Buɗewa da karanta abin da ke ciki

Kwance sukuru biyun, ka jawo makunnin a hankali. Idan fenti ya manne shi da bango, zagaye gefensa da wuƙa tukuna. Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hoto da wayarka ta hannu yadda rubutun ramukan zai fito. A makunni mai hanya ɗaya za ka ga COM da L1. A mai hanya biyu, wanda ake kunna fitila ɗaya daga wuri biyu, akwai COM da L1 da L2. Jerin ramukan yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka rubutun za ka bi, ba wurin da ramin yake ba. Manna ɗan salatif a wayar da ke COM.

Yanzu ka duba abu uku. Akwatin na ƙarfe ne ko na roba? Akwai wayar ƙasa a ciki, ko guda nawa ce? Kuma ina bakinta yake? Sau da yawa za ka same ta a naɗe an cusa can ƙarshen akwati, wani lokaci an yanke ta dab da bakin kebul. Duba kuma rigar wayoyin. Idan ta yi baƙi, ta ƙandare, ko tana marmashewa da ka lanƙwasa ta, wannan ya wuce sauya makunni, layin ne ke neman sabuntawa, a kira ƙwararre.

Haɗin kansa

Mu fara da wanda ya fi muhimmanci: fuskar ƙarfe a kan akwatin ƙarfe. A bayan makunnin akwai wani rami daban da sauran, manne da ƙarfen fuskar, mai harafin E ko alamar ƙasa, wato layi ɗaya a tsaye da gajerun layuka uku a kwance ƙarƙashinsa, kowanne bai kai na samansa tsawo ba. A kusurwar akwatin ma akwai ɗan ramin tagulla mai sukuru. Dukansu biyu ake so su haɗu da wayar ƙasa.

Idan wayar ƙasan da ke cikin kebul tsirara ce, fara sa mata riga. Yanki rigar kore da rawaya yadda za ta rufe ta tun daga bakin kebul, ta bar kusan milimita 10 a ƙarshe. Kada ka raina wannan. Tsirarar waya a cikin matsattsen akwati tana lanƙwasa inda ta ga dama idan aka tura makunni, kuma inda ta fi zuwa shi ne kan sukurun wayar wuta.

Kai wayar ƙasan layi kai tsaye zuwa ramin E na fuskar makunnin. Sai ka yanki guntun waya kore da rawaya kamar santimita 15, ka feɗe bakinsa biyu, ka sa ɗaya a ramin E ɗin tare da ta farko, ɗayan kuma a ramin tagulla na akwatin. An fi son wannan jerin, fuska tukuna sannan akwati, saboda fuskar ce hannu yake taɓawa. Ko guntun ya saki, ita tana nan a kare.

Wasu suna haɗa akwatin kawai su ce sukuru biyun da ke riƙe fuskar sun isa su kai mata kariya. Kada ka dogara da haka. Fenti, siminti da tsatsa suna shiga tsakanin zaren sukuru, kuma a yawancin akwatuna kunne ɗaya mai motsi ne, an yi shi don a daidaita makunni ya miƙe, haɗuwarsa da jikin akwati ba mai ƙarfi ba ce. Ga kuma abin da ya fi wannan: ranar da wani ya kwance sukurun ya jawo fuskar don yin fenti ko duba wani abu, a daidai lokacin da yake riƙe da ƙarfen a tafin hannunsa, kariyar ta yanke. Guntun wayar nan shi ne ke raka fuskar duk inda aka ja ta.

Yadda ake ɗaure bakin waya shi ma aiki ne. Siririyar waya guda ɗaya a rami mai faɗi takan zame gefen sukuru, ka ji ya ɗauru alhali bai kama ta ba. Ninka bakinta biyu da filaya ta cika ramin. Idan mai silli-silli ce, murɗe sillayen su haɗu, kada ko ɗaya ya leƙo waje. Sukuru ya sauka a kan jan ƙarfe, ba a kan roba ba, kuma kada tsiraicin waya ya fito bayan rami fiye da milimita ɗaya ko biyu. Ɗaure shi tamau amma kada ka matse har ya datse wayar. Bayan nan ja kowace waya da yatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya. Idan rami ɗaya ya ɗauki waya biyu, kowacce ka ja ta daban, domin sau da yawa ɗaya ce ta kamu, ɗayar tana kwance ne kawai a gefenta.

Idan kebul biyu ko uku ne suka shigo akwatin, kowanne da wayar ƙasarsa, duk a haɗe su wuri ɗaya. Ɗaya ce ta zo daga babban akwati, sauran suna wucewa ne zuwa fitila ko makunni na gaba. Ka bar ɗaya a sake, duk abin da ke gaba da ita ya rasa kariya, kuma ba a wannan ɗakin za a gani ba. Idan sun fi ƙarfin ramin E, tara su a mahaɗi ɗaya, ka fitar da guntaye biyu daga ciki, ɗaya zuwa fuska, ɗaya zuwa akwati. Murɗe wayoyi da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne. Zafi yana sa salatif ya saki, murɗin kuma ya yi tsatsa.

Makunnin roba a kan akwatin ƙarfe ba shi da ramin E, sai a kai wayar ƙasa ramin akwatin. Dalili shi ne sukuru biyun nan na ƙarfe ne, kawunansu suna waje inda yatsa ke kaiwa, gindinsu kuma yana cikin akwati. Idan duka makunnin da akwatin na roba ne, babu abin haɗawa, amma kada ka yanke wayar. Sa mata riga, ka rufe bakinta a mahaɗi, ka kwantar da ita a baya. Wanda zai sa na ƙarfe wata rana zai same ta. Fuskar ƙarfe a kan akwatin roba kuwa, kai tsaye zuwa ramin E, shi ke nan.

Makunnan tsarin Amurka siffarsu daban ce: akwai koren sukuru a jikin ƙarfen da ke riƙe makunnin. Ana feɗe waya kamar santimita biyu, a lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, a rataya ta a sukurun ta bi hannun agogo, yadda ɗaurewa zai ƙara rufe ƙugiyar maimakon ya buɗe ta. Waya ɗaya tak ake sa wa kowane sukuru. Idan suna da yawa a tara su a mahaɗi a fitar da guntu ɗaya. Makunnin rage haske mai fitowa da koriyar wayarsa, ita ma cikin wannan tarin take shiga.

Bayan wayar ƙasa sai ka mayar da sauran bisa hotonka. Tabbatar wayar wuta ce makunnin yake yankewa, ba nutural ba. Idan nutural aka bi da shi, fitila za ta mutu amma mazaunin kwan yana nan da wuta, mai sauya kwai ya sa yatsa yana ganin ya kashe.

Wajen mayarwa, lanƙwasa wayoyin su kwanta a bayan akwati, ka kauce da su daga saitin ramukan sukuru. Sukuru mai tsawo yana huda rigar waya ba ka sani ba. Idan sai ka danna da ƙarfi kafin fuskar ta zauna, akwatin ya yi kaɗan. Mai zurfin milimita 16 yana ɗaukar makunnin roba na gama-gari, amma shafaffen makunnin ƙarfe ko na rage haske yakan nemi 25 ko 35. Inda kebul ya ratsa ramin akwatin ƙarfe, a sa zoben roba don kada kaifin ya yanke shi.

Awo

A bar wuta a kashe har yanzu. Juya maltimita zuwa awon om mafi ƙanƙanta. Haɗa doguwar wayarka da ƙafa ɗaya, ka taɓa ƙarshenta da ɗaya ƙafar, ka rubuta abin da ya nuna. Wannan na wayar awon ce, za ka cire shi daga sakamako. Sai ka maƙala ƙarshen doguwar wayar a wurin da ka tabbatar ƙasarsa tana da kyau. Mafi inganci shi ne sandar da wayoyin ƙasa suke taruwa a babban akwati, amma a sani ko an kashe babban makunni, wayoyin da ke shigowa daga mita suna da wuta. Wanda bai saba ba kada ya buɗe murfin, ya yi amfani da ramin wayar ƙasa na soket ɗin da aka riga aka gwada.

Ɗora ɗaya ƙafar a kan sukurun fuska, sannan a kan ƙarfen fuskar inda babu fenti. Wayar jan ƙarfe mai milimita murabba'i 1.0 tana da kusan om 0.018 a kowace mita, mai 1.5 kuma kusan 0.012. Mita ashirin na ta farko bai kai om 0.4 ba. Don haka a gida matsakaici sakamakon ya kamata ya tsaya ƙasa da om 1. Idan ka ga om 5 ko 10, akwai haɗi mai sako-sako a hanya, galibi a cikin silin wajen fitila. Idan lambar tana rawa in ka girgiza makunnin, matsalar tana nan kusa da kai. Idan bai nuna komai ba, wayar da ka haɗa ba ta zuwa ko'ina, ado ce kawai. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato: waya kore da rawaya tana nan a makunni, amma an yanke ta a sama.

Maltimita ta gida tana awo da 'yar wuta kaɗan, har silli ɗaya da ya rage zai nuna mata hanyar lafiya take. Na'urar ƙwararru tana tura aƙalla miliamfiya 200, kuma suna da wata mai auna hanyar duka da wuta a kunne. Idan makunnai da yawa ka sauya, ya dace a kira mai irin wannan na'ura ya bi su.

Idan babu wayar ƙasa a akwatin

Tsoffin gidaje da yawa haka suke. A Ingila sai a 1966 ƙa'ida ta wajabta wayar ƙasa a layin fitilu, kuma a wurare da dama har yau akan ja waya biyu kawai zuwa makunni don rage kashe kuɗi. Fara dubawa ko wayoyin ta bututun ƙarfe suka zo, domin a wasu gine-ginen bututun ne kansa yake aikin wayar ƙasa. Auna daga akwatin kamar yadda aka bayyana. Idan ya nuna ƙasa da om 1, ja guntu daga akwatin zuwa fuska. Idan tsatsa ta cinye mahaɗan bututun, lambar za ta gaya maka.

In babu ta kowace hanya, gyaran gaskiya shi ne a ja sabuwar wayar ƙasa daga babban akwati, ko a sauya kebul ɗin. Idan bututun roba ne a bango, sau da yawa ana iya zura ta ba tare da fasa komai ba. Kafin a yi haka, kada a sa makunnin ƙarfe ko fitilar ƙarfe a wannan layin. A sa na roba, da sukurun roba ko masu murfin roba a ka, fitila kuma a zaɓi mai rufi biyu, wadda ke da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba. A kuma sa wa layin na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta yanke idan ta ga giɓi. Takwararta ta Amurka, GFCI, tana yankewa a wajen miliamfiya 5. Na'urar tana rage haɗari ƙwarai, amma ba ta maye gurbin wayar ƙasa: idan babu wayar, sai wuta ta fara bi ta jikin mutum kafin ta gane akwai matsala.

Abubuwa uku ne ba a yi, ko wa ya ba da shawara. Na farko, haɗa ramin E da nutural a bayan makunni. A ido kamar dabara ce, har abin gwaji zai nuna lafiya. Amma ranar da nutural ta yanke a wani wuri can baya, wuta za ta ratsa kwan fitila ta dawo ta zauna a fuskar makunnin, ba tare da wata waya ta suɓuce ba. Na biyu, ɗaure waya a bututun ruwa. Wani sashensa yana iya zama roba, sai ka mayar da famfon banɗaki abin jan mutum. Na uku, kafa wani ɗan ƙarfe a ƙasa bayan taga don makunni ɗaya. Ko sandar kirki ce, idan ta ba da om 50, wutar da za ta wuce a bolt 230 ba ta kai amfiya 5 ba, bireka mai amfiya 6 ba za ta faɗi ba har abada. Gidan da ƙasarsa ta dogara da sanda dole ya kasance da RCD, kuma sandar a babban akwati ake haɗa ta.

Haka nan makunnan zamani masu aiki da wayar hannu, da yawansu suna buƙatar nutural. Idan babu ita a akwatin, kada a ari wayar ƙasa a madadinta. A nemi nau'in da aka ƙera don aiki ba nutural, ko a ja ta.

Fitilar kanta, da abin da kan biyo baya

Idan har da fitila ko fankar silin kake sauyawa, hukuncin ɗaya ne: jikin ƙarfe yana da sukuru mai alamar ƙasa, wayar ta je can, kuma duk wayoyin ƙasa da suka haɗu a silin su zauna a mahaɗi ɗaya. Idan sukurun yana kan fenti, sa ɗan zoben ƙarfe mai haƙora a ƙarƙashinsa ya ciji ƙarfen. Fitila mai alamar rufi biyu ba a haɗa mata wayar ƙasa. A rufe bakin wayar a mahaɗi, amma kada a raba ta da 'yan uwanta masu wucewa gaba.

Mayar da wuta, ka kunna. Idan bireka ta faɗi nan take da ƙara, wayar wuta tana taɓa ƙarfe: kashe, buɗe, ka nemi inda sukuru ya huda riga ko inda silli ya leƙo. Kada ka yi ta mayar da birekar, kowace faɗuwa tana ƙona bakin haɗin. Idan RCD ce ke faɗuwa, wani lokaci sai an kunna wani abu a wani ɗaki, duba ko nutural ta taɓa wayar ƙasa ko akwati, ko ruwa ya shiga fitilar waje. Yakan faru matsalar ta daɗe a layin, haɗa wayar ƙasa ne ya tona ta. A irin wannan hali wasu sukan cire wayar don faɗuwar ta tsaya. Faɗuwar za ta tsaya, yoyon wutar kuma ya koma jikin ƙarfen. A bar wayar a inda take, a bi layin fitila bayan fitila, ana cire kowacce ana gwadawa, har a kai ga wadda ke yoyo.

Idan kana jin ɗan tsikari a fuskar makunni in ka shafa bayan hannu, ko da awo ya nuna ƙasa da om 1 zuwa babban akwati, to matsalar ta wuce makunnin: haɗin ƙasa na gidan gaba ɗaya ne ya yanke ko ya raunana, a sanda ko a wajen mita. Kashe babban makunni, ka kira ƙwararre ya auna daga can. In komai ya tafi daidai, danna maɓallin gwaji na RCD ka ga ta faɗi, ka mayar da ita, sannan ka rubuta a jikin birekar sunan ɗakunan da take riƙe da su.